Ƙyallin Dare da Raƙuman Iskar Sama

Darasinmu na wannan wata ya fara da tambaya. Idan mutum ya fita bayan gari da tsakar dare, ba farin wata, ba fitila, ba gajimare, me ya sa ya kan iya ganin tafin hannunsa? Me ya sa ya kan ga kan kuka da ƙirar dutse sun fito baƙi ƙirin, sama kuwa a bayansu ta fi su haske? Galibi za a ce hasken taurari ne. Taurari suna da nasu rabo, gaskiya ne, amma ba su kaɗai ba ne. Iskar da ke can bisanmu ita ma tana ba da haske na kanta, dare da rana, a kowace ƙasa ta duniya. A cikin wannan darasi za mu kira shi ƙyallin dare. Za mu ga inda ya ke fitowa, da raƙuman da ke ratsa shi, da amfanin da sanin wannan ke yi wa mutane.

Yadda Aka Gano Shi

Kowa ya san bakan gizo. Hasken rana da mu ke gani fari, ashe launuka ne da yawa a haɗe, ɗigon ruwan sama kuwa shi ke rarraba su. Gilashi mai kusurwa uku ya kan yi wannan aiki. Masana sun gane kowane irin abu, idan ya ba da haske, yana da nasa launi daidai wanda ba ya sakewa, kamar yadda a kan san zuriyar mutum ta wurin tsagar fuskarsa. Su kan auna launin da ma'auni wanda a ke kira nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita.

A shekara ta 1868 wani masani na ƙasar Suwidin, Anders Angstrom, ya duba hasken nan mai rawa da a kan gani a sama a ƙasashen ƙuryar arewa. Ya sami wani kore a cikinsa, wanda yanzu an san awonsa nanomita 557.7 ne. Abin da ya ba da mamaki shi ne, koren nan ya kan kasance a sama ko a daren da babu hasken ƙuryar arewa. A 1901 Simon Newcomb na Amurka ya auna hasken sararin dare, daga baya kuma aka ga awon ya fi abin da taurari za su iya bayarwa. A 1909 Yntema na ƙasar Holan ya tabbatar akwai ƙarin haske wanda ba na taurari ba ne. A 1919 kuma Vesto Slipher, a Arizona, ya nuna koren nan yana nan kowane dare, a kowane sashe na sama.

Saura a san abin da ke ba da shi. Aka daɗe ana gardama, gama ba a taɓa ganin irin wannan kore a ɗakin gwaji ba. Sai a 1925, a Toronto ta Kanada, McLennan da Shrum suka fitar da shi a cikin bututun gilashi. Ashe oksijin ne, iskar nan da mu ke shaƙa kullum. Wani Bature na Ingila, Lord Rayleigh, ya ba da shekaru yana auna ƙarfin ƙyallin, har aka sa wa ma'auninsa sunansa a 1956.

Ina Hasken Ya Ke Samun Ƙarfi?

Babu fitila mai ci ba mai. To, da dare, bayan rana ta faɗi, me ke ciyar da wannan haske? Sydney Chapman na Ingila ya ba da amsa a 1931.

Oksijin da mu ke shaƙa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, suna tafe biyu biyu a manne. Can sama, wajen kilomita 90 zuwa 100 da abin da ya fi, akwai wani kaifin hasken rana wanda ido ba ya gani, wanda kuma yawancinsa ba ya kaiwa ƙasa. Shi ne ke raba ƙwayoyin nan, kowace ta kama gabanta ita kaɗai. Ƙarfin da rana ta kashe wajen raba su bai ɓace ba, yana ajiye a jikinsu, kamar yadda katangar laka ta kan riƙe ɗumin rana har bayan almuru. Sa'anda biyu suka sāke haɗuwa, sai ƙarfin nan ya fito.

Amma ƙwayoyi biyu ba su iya manne wa juna su kaɗai. Idan suka yi karo, ƙarfin ya kan yi musu yawa, su sāke tarwatsewa. Sai an sami ta uku a wurin a daidai lokacin, ta karɓi rarar ƙarfin ta tafi da shi, kamar dillali da ya ƙulla ciniki ya karɓi la'adarsa. Daga baya masana suka gyara bayanin, suka nuna a kan yi shi hawa biyu: ƙwayoyin da suka haɗu su kan miƙa ƙarfin ga wata ƙwayar oksijin, ita kuma ta fitar da shi kore. Can sama iska ba ta da kauri, haɗuwar uku lokaci ɗaya kuwa ba ta cika faruwa ba. Saboda haka ajiyar ba ta ƙarewa cikin sa'a ɗaya. Ana cinta kaɗan kaɗan har gari ya waye, rana ta sāke cika rumbun.

Hawa Huɗu na Ƙyallin

Ƙyallin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya ya ke ba. Ga manyan hawansa huɗu.

Na fari yana wajen kilomita 87 daga ƙasa, watau kamar daga Kaduna zuwa Zariya da ɗan ƙari, in da hanyar ta miƙe sama. Nan haidirojin ke gamuwa da ozon, su ba da haske mai ƙarfi ƙwarai. Aden Meinel ne ya gane shi a 1950. Wannan ya fi dukan sauran ƙarfi nesa, amma yawancinsa ya wuce iyakar jan da idonmu ke gani. Sai da na'ura a ke ganinsa.

Na biyu yana wajen kilomita 90, launinsa rawaya. Sodiyam ne ke ba da shi, abin nan da ke cikin gishiri da kanwa. Idan kun barbaɗa gishiri a harshen wuta za ku ga irin wannan rawaya. Yaya aka yi sodiyam ya kai can? Ƙananan duwatsu da ƙura daga sararin sama suna faɗowa cikin iskarmu kullum da gudu mai tsanani, su ƙone. Shi ne mu kan gani da dare mu ce tauraro ya faɗi. Ƙurarsu ce ta kan bar sodiyam da sauran ƙarafa a wannan hawa.

Na uku shi ne koren oksijin, wajen kilomita 97.

Na huɗu ja ne, awonsa nanomita 630, yana can nesa tsakanin kilomita 200 da 300. Shi ma oksijin ne, amma hanyarsa dabam. A wannan hawa hasken rana ya kan fizge ƙwayar lantarki daga jikin ƙwayoyin iska. Da dare sai su riƙa komawa, ja ya fito.

Mai lura zai yi tambaya, oksijin ɗaya ne, don me kore a ƙasa, ja a sama? Amsar tana cikin jinkiri. Ƙwayar da za ta ba da kore ta kan riƙe ƙarfinta ƙasa da sakan ɗaya kafin ta sake shi. Wadda za ta ba da ja kuwa ta kan riƙe shi kusan minti biyu. Ku tuna da yarinya mai ɗauke da ƙwarya cike da ruwa. Idan tafiyarta taki biyu ce, za ta kai ko cikin taro. Idan tafiyar mai nisa ce, kuma ta tsakiyar kasuwa, za a bangaje ta ruwan ya zube. Haka ƙwayar ja ta ke. A kilomita 100 cunkoso ya yi mata yawa, a kan buge ta ta yi hasarar ƙarfin tun ba ta haskaka ba. Sai can sama inda fili ya ke, ta kan sami sukunin fitar da hasken.

Don Me Ba Mu Ganin Launin?

Idon mutum ba ya rarrabe launi cikin haske mai rauni. Ku fita da jan zane da shuɗi cikin dare, dukansu za su zama toka toka. Haka ƙyallin dare ya ke zamar mana, fari fari marar ƙarfi. Ya fi bayyana kusa da gindin sama, kamar tsawon dunƙulen hannu ɗaya ko ɗaya da rabi bisa inda sama ta haɗu da ƙasa, gama ta nan ido ke ratsa hawan a karkace, ya bi ta cikin iska mai ƙyalli mai yawa. Mutanen da ke zagaya duniya a jirgin sararin sama su kan gan shi ta gefe, kamar siririn zare kore ya kewaye duniya. Kyamarar da aka bar idonta a buɗe na sakan ashirin ko talatin ita ma ta kan tara hasken har kore da ja su fito.

Kada mu haɗa shi da hasken ƙuryar arewa da na ƙuryar kudu. Launinsu ɗaya, gama oksijin ne ke ba da su duka. Amma wancan ya kan zo ne sa'anda ƙwayoyi masu lantarki suka biyo maganaɗisun duniya suka faɗo cikin iska kusa da ƙuryoyin. Ya kan zo ya wuce, ya kan yi ƙarfi. Wani lokaci ya kan sauko nesa da gidansa, kamar a watan Mayu na 2024 da aka gan shi har a Meziko. Ƙyallin dare kuwa ba ya zaɓen ƙasa, ba ya fashi. Saboda haka idan aka nuna muku hoton sama ta yi kore ko ja, aka ce alamar annoba ce ko ta yaƙi, kada hankalinku ya tashi. Kun san sunan abin, kun kuma san dalilinsa.

Raƙuman Iska

Yanzu mu juya ga sashe na biyu na darasin. Dukanmu mun san raƙuman ruwa. Ku danna gora cikin tafki ku sake, sai ta taso, ta wuce wurinta, nauyi ya komo da ita, ta yi ta hawa da sauka, zobba kuma su bazu a kan ruwan. Iska ma haka ta ke. Mai nauyi tana ƙasa, marar nauyi tana sama. Idan wani abu ya tura wani sashen iska sama, sai ya iske kansa ya fi maƙwabtansa nauyi, ya faɗo, ya wuce wurinsa, a sāke turo shi sama. Wannan lilo ya kan bazu ko'ina. Can sama lilo ɗaya ba ya kasa kamar minti biyar, waɗansu kuwa su kan ɗauki sa'o'i.

Me ke turawar? Iska mai ƙarfi idan ta hau kan tsauni. Hadari idan ya taso kansa ya bugi hawan da ke bisansa. Guguwar teku, aman wutar dutse, girgizar ƙasa. Kun taɓa ganin gajimare ya jeru layi layi kamar kunyoyin gona? Sau da yawa raƙuman iska ne suka yi wannan huɗa. Inda iska ta hau ta yi sanyi, gajimare ya fito. Inda ta sauka ta yi ɗumi, ya watse.

Akwai abu ɗaya da ya bambanta su da na tafki. Raƙuman iska su kan hau sama, suna hawa kuwa suna ƙara girma. Dalili shi ne, kowane kilomita biyar ko shida da aka hau, kaurin iska ya kan ragu da rabi. A kilomita 90 bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na abin da mu ke shaƙa ba. Ku dubi bulala. Ɗan motsi ne a wajen mariƙi inda ta ke da kauri, amma sa'anda ya kai siririn bakin sai ya yi ƙara. Ƙarfin ɗaya ne, abin da zai motsa ne ya ragu. Haka ɗan motsin da ba wanda ya kula da shi a kan hadari ya kan zama babban abu a can sama. Colin Hines na Kanada ne ya bayyana wannan sosai a 1960.

Sa'anda raƙuman suka ratsa hawan ƙyalli, su kan matse iskar a nan, su sassauta ta a can, su ɗumama wani wuri, su sanyaya wani. Ƙyallin kuwa ya dogara ga yawan karo da ƙwayoyi ke yi. Saboda haka sai ya zama layi mai haske, layi mai duhu, tsakanin layi da layi sau da yawa kilomita 10 zuwa 100. Ta haka abin da ba a gani ya rubuta kansa a kan allo. A 1973 Peterson da Kieffaber suka ɗauki hoton irin waɗannan layuka a Amurka. A 1988 Taylor da Hapgood suka bi sawun waɗansu layuka masu lanƙwasa kamar zobba, suka iske tsakiyarsu hadari ne mai tsawa. Tauraron ɗan adam mai suna Suomi NPP, wanda aka harba a 2011, ya ga irin zobban nan daga sama a daren da babu wata. A watan Nuwamba na 2023 hukumar NASA ta Amurka ta kai wata na'ura mai suna AWE tashar sararin sama domin wannan aiki musamman, a Satumba na 2024 kuma ta ga raƙuman da guguwar Helene ta tayar.

Amfanin Wannan Sani

Wani zai ce, ina ruwan manomi ko ɗan kasuwa da abin da ke faruwa kilomita ɗari bisa kansa? Ga abu uku.

Na ɗaya, raƙuman nan su ke tuƙa iskar can sama. Sa'anda suka yi girma da yawa su kan fashe, kamar raƙuman teku a bakin gaɓa, su zuba ƙarfinsu cikin iskar wurin. Turawar nan ta kan kori iska daga ƙuryar duniya da ke cikin zafi zuwa wadda ke cikin sanyi. A ƙuryar da ke cikin zafi iska ta kan taso daga ƙasa ta cike gurbin, iska kuwa idan ta hau ta kan buɗe ta yi sanyi. Abin da wannan ya haifar shi ne, wurin da ya fi ko'ina sanyi a iskar duniya yana wajen kilomita 85 zuwa 90 bisa ƙuryar da rana ba ta faɗuwa a cikinta a lokacin, har ya kan kai digiri 130 ƙasa da ma'aunin ƙanƙara. Masu lissafin yanayi dole su sa turawar raƙuman nan cikin lissafinsu, in ba haka ba iskokin da lissafin zai ba su ba za su yi daidai da na gaskiya ba.

Na biyu, gargaɗi. Ran 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai tsanani ta auku a gabashin Japan, ta tayar da ambaliyar teku wadda ta hallaka dubban mutane. A tsakiyar teku irin wannan raƙumi ba shi da tsawo, har jirgin ruwa ya kan haye shi bai sani ba, ko da shi ke gudunsa ya yi kusa da na jirgin sama. Amma ya tura iskar da ke kansa, motsin ya hau yana girma. A tsibirin Maui na Hawai wata kyamara da ke duban jan ƙyalli ta ɗauki layukan a wajen kilomita 250, kamar sa'a ɗaya kafin ruwan ya iso tsibiran. An gane haka ne daga baya, da aka duba hotunan. Duk da haka ya nuna sama tana iya ba da labarin abin da teku ke ɓoyewa, masana kuwa suna aiki a kan yadda za a mai da shi hanyar gargaɗi. Ran 15 ga Janairu 2022 kuma dutsen Hunga Tonga ya fashe a tekun Pasifik, raƙuminsa ya zagaya duniya fiye da sau ɗaya, ma'aunan nauyin iska a kowace nahiya suka ji wucewarsa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Duniya kamar babban maganaɗisu ce, layin tsakiyar maganaɗisun nan kuwa ya ratsa Nijeriya, ba nisa da Abuja. A ƙasashen da ke kan wannan layi, bayan faɗuwar rana, hawan iska mai lantarki ya kan rikice. Waɗansu manyan kumfa marasa lantarki su kan taso daga ƙasan hawan su huda shi. Masana da yawa suna ganin raƙuman iska daga hadari suna cikin abin da ke fara tayar da su, ƙasarmu kuwa ba ta rasa manyan hadura da damina. Saƙon rediyo daga tauraron ɗan adam idan ya bi ta cikin kumfan nan ya kan yi rawa ko ya yanke. Na'urar GPS, wadda direba da mai awon fili da matuƙin jirgin sama ke dogara gare ta, ta kan yi kuskure a irin wannan dare. A hoton jan ƙyalli kumfan su kan fito kamar baƙaƙen layuka daga arewa zuwa kudu, suna tafiya gabas. A 2015 aka kafa kyamara mai duban dukan sama a Abuja, aikin haɗin gwiwa tsakanin hukumar sararin sama ta Nijeriya da Jami'ar Nagoya ta Japan, domin a ƙidaya su a san lokacin da su ka fi yawa. 'Ya'yanmu da ke makaranta su sani akwai aiki irin wannan a ƙofar gidansu.

Aikin Yi

Ku zaɓi dare marar wata, bayan ruwan sama ya wanke ƙura, gama hazon hunturu ya kan rufe kome. Ku tafi inda fitilun gari ba su kai ba, ku kashe tocila da waya, ku dakata minti ashirin har ido ya saba. Sa'an nan ku ɗaga hannu sama ku dubi yatsunku. Ku gwada hasken tsakiyar sama da na kusa da gindinta, ta wajen da babu gari. Ku tafi da yara, ku bar su su faɗi abin da suka gani kafin ku ba su bayani.

Tambayoyi

1. Wane abu ne ke ba da koren ƙyalli, a wace shekara kuma aka gane haka?
2. Daga ina ƙyallin ke samun ƙarfi bayan rana ta faɗi?
3. Don me ja ba ya fitowa sai can sama?
4. Ku faɗi bambanci biyu tsakanin ƙyallin dare da hasken ƙuryar arewa.
5. Me ya sa raƙuman iska ke ƙara girma sa'anda su ke hawa?
6. Wace matsala ce kumfan nan ke jawo wa masu aiki da GPS a ƙasarmu?